"An Rubuta": Yadda Muka Zana Wa Linux Sabon Tsarin Ajiyar Fayil A Wani Ƙauyen Gumel

Duk wanda ya san ƙasar Gumel ya san cewa a kakar riɗi ranar Laraba ba ranar zama ba ce, domin washegari kasuwar Maigatari ke ci. A ƙauyenmu ƙungiyar manoma ce ke tara riɗin mutanenta a sito guda: a auna, a rubuta wa kowa nasa, a ba shi rasit, da asubar Alhamis a loda a mota a kai a sayar a dunƙule. Mai buhu biyu in ya tunkari dillali shi kaɗai, abin da aka yanka masa shi zai karɓa. In buhu ɗari ne kuwa, dole a saurare ka.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ne ma'ajin ƙungiyar. Ni kuma malamin kwamfuta ne a wata sakandare da ke kusa, shi ya sa duk abin da ke da waya a jikinsa in ya lalace ni ake aika wa yaro. Wata ƙungiyar agaji ce ta kawo musu 'yar kwamfuta Raspberry Pi, wadda ba ta fi tafin hannu ba, haɗe da allo, da na'urar buga rasit, da farantin sola biyu da batir. Linux ce babbar manhajar da ke tafiyar da ita. Bayanan awo kuma suna sauka a wani memori na daban da ake cusawa ta gefe, don sakatare ya riƙa zare shi yana kaiwa shagon buga takardu a cikin Gumel.

Wata Laraba gab da magariba, batirin da dama ya tsufa ya gaza, inbata ta yi kuka ta ɗauke. Ba baƙon abu ba ne. Aka zare cajojin wayoyin da mutane suka jona, aka ɗan jira, aka kunna. Sakatare ya buɗe fayil ɗin ranar, ya tarar da shi fayau, ko harafi babu. Awon mutum sittin da 'yan kai, tun hantsi.

Masu rasit ba su sha wahala ba, an bi su gida-gida an sake shigarwa. Matsalar ita ce takardar na'urar ta ƙare bayan azahar, kuma mutum tara an sallame su ne da baki: an rubuta, gobe ku zo ku karɓi rasit. Riɗinsu ya riga ya gauraya da na jama'a. A cikinsu akwai wata tsohuwa da mijinta ya rasu, ita ke noma 'yar gonar da ya bari da taimakon jikoki. Ta ce buhu uku ne da tiya goma sha ɗaya. Sakatare ya ce shi dai buhu uku yake iya tunawa. Da na iso washegari na same ta a bakin sito, ta kama gefen mayafinta ta dube ni.

"Ɗan nan, ni ban yi boko ba. Amma da idona na ga ya danna, da bakinsa ya ce mini an rubuta. To ina rubutun ya tafi?"

Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, zan duba."

Magana ta kai gaban Dagaci. Sakatare, yaro mai gaskiya da ba a taɓa kama shi da ƙwandala ba, ya ji ana raɗa sunansa da cin amana, har ya kawo makullin sito ya ajiye. Kawu ne ya biya tiya goma sha ɗayan daga aljihunsa aka kashe wutar. Tambayar Inna kuwa ta ƙi barina, kuma ita ce asalin duk aikin da zan bayyana a nan.

Abin da ya faru a cikin memorin

Memori bai san wani abu wai shi fayil ba. Jerin bulo ne kawai masu lamba, na ɗaya, na biyu, har miliyoyi. Ƙa'idar da ke faɗin cewa bulo kaza da kaza su ne fayil mai suna kaza, kuma bulo kaza babu kowa a ciki, ita ake kira tsarin ajiyar fayil. Namu memorin yana kan FAT32 ne, wanda ya fito a 1996, kuma asalin danginsa tun 1977 ne, zamanin faifan filofi. An zaɓe shi saboda kowace kwamfuta da kowace waya na iya karanta shi. A wannan tsari, ajiye fayil guda na buƙatar rubutu a wurare uku: bayanin kansa, da teburin da ke nuna wane bulo ke bin wane, da layin da ke riƙe da sunan fayil da girmansa. In wuta ta tafi bayan an rubuta ɗaya ba a rubuta sauran ba, wuraren uku sai su riƙa ƙaryata juna, kuma babu wata shaida da za ta raba gardama.

Manhajar awon ma ta ƙara wa miyar gishiri. Duk sanda aka shigar da mutum ɗaya, sai ta share fayil ɗin ranar gaba ɗaya ta sake rubuta shi daga farko. Sannan Linux, don sauri, ba ta sauke rubutu a memori nan take. Takan riƙe shi a ƙwaƙwalwar wucin gadi har kusan daƙiƙa 30, sai dai in manhaja ta buƙaci a sauke yanzu-yanzu da umarnin da ake kira fsync. Tamu ba ta taɓa buƙata ba. Ashe lokacin da allo ke nuna wa sakatare an ajiye, shi kuma ya juya ya ce wa manomi an rubuta, rubutun yana cikin iska. Wuta ta ɗauke a daidai tsakanin sharewa da sake rubutawa. Da na bi memorin da manhajar gyara, ta tsinto mini wani guntu mai suna FSCK0000.REC, a ciki akwai awon safe zuwa wajen sha ɗaya. Na Inna bai kai ciki ba.

Gyaran farko bai ɗauki mako ba, kuma ina so mai karatu ya riƙe wannan, don kada ya ɗauka duk wanda fayil ya ɓace masa sai ya zana sabon tsari. Aka sayi batir. Na mayar da memorin kan ext4, tsarin da Linux ta fi amfani da shi tun da ya kammala a ƙarshen 2008. Shi yana da kundin niyya, wanda ya gada daga ext3 na 2001: kafin ya taɓa teburansa sai ya fara rubuta abin da yake shirin yi, in wuta ta tafi a tsakiya, da an kunna sai ya duba kundin ya ƙarasa ko ya fasa. Na kuma gyara manhajar ta riƙa rubuta sabon fayil a gefe, ta kira fsync, sannan ta sauya masa suna ya maye gurbin tsohon. Ko su masu ext4 sun sha irin wannan kuka a 2009, lokacin da mutane suka riƙa tarar da fayilolinsu fayau bayan ɗaukewar wuta, har aka ƙara wani kariya a Linux 2.6.30. Da gyaran nan nawa, abin da ya sami Inna ba zai sake faruwa ta wannan hanyar ba.

Abu biyu ne suka hana ni tsayawa nan. Na farko, bayan kaka, muna lissafin rabon kuɗin zoɓo, sai muka ci karo da wani tsohon fayil da layi huɗu a tsakiyarsa suka rikiɗe suka zama tarkacen alamomi, kwamfuta kuma ba ta ce uffan ba. Memorin ne ya ruɓe a wurin. Ext4 na iya tantance teburansa, amma abin da ke cikin fayil ba ya tantance shi, duk abin da memori ya miƙo masa shi zai miƙo maka. Na biyu, Kawu ya tsare ni wata rana bayan isha'i a ƙofar gida.

"Kai da ka san abin nan, faɗa mini gaskiya. In sakatare ya so, zai iya komawa baya ya mayar da buhu biyar ya zama huɗu, ba wanda ya gane?"

Na ce, "Zai iya, Kawu."

Ya ce, "To ba don ina zargin sa ba. Don kada a sake zargin sa ne. Abin da ba zai iya wanke mai gaskiya ba, ban ga amfaninsa a sito ba."

Me ya sa ba mu ɗauki wanda ake da shi ba

Na jawo wani tsohon ɗalibina da ya gama sakandare yana jiran gurbin jami'a, yaro mai kaifin kai da ya koyi C, yaren rubuta manhaja, a wayarsa. Muka zauna muka bi waɗanda ake da su. ZFS, wanda kamfanin Sun ya fitar a 2005, yana sa wa kowane bulo lambar tantancewa kuma ba ya rubutu a kan tsohon bayani, amma yana da nauyi ga 'yar kwamfutarmu, lasisinsa kuma bai jitu da na Linux ba, shi ya sa ba ya cikin zuciyarta, wato ainihin manhajar da ke sarrafa na'ura. F2FS na Samsung, da ya shiga Linux 3.8 a 2013, an yi shi ne musamman don memori, sai dai shi ma ba ya tantance cikin fayil. Btrfs, wanda Chris Mason ya fara a 2007 ya shiga Linux a 2009, shi ne ya fi kusa: yana tantancewa, yana iya ajiye kwafi biyu a memori biyu. Gaskiya ita ce da wata ƙungiya za ta tambaye ni yau me za ta yi, Btrfs zan nuna mata, ko kuma ext4 da manhajar ajiyar bayanai ta SQLite a kansa.

Mu abin da ya raba mu da shi guda ne. Ranar da Btrfs ya rikice, babu mutum ɗaya daga nan har Dutse da na sani wanda zai iya buɗe cikinsa ya warware, har da ni. Muna son abin da in komai ya lalace, mutum zai iya karanta memorin daga bulo na farko zuwa na ƙarshe da manhajar da ba ta wuce shafi biyu ba, ya kwaso awon jama'a. Kuma ba na ɓoyewa, ina so ɗalibaina su ga cewa wannan ilimi ba aljanu ne suka yi shi ba. Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, yana ɗalibi a Helsinki ya sanar da aikinsa ranar 25 ga Agusta 1991, kwana biyu kafin a ƙirƙiro jihar Jigawa. Tsarin fayil ɗin da ya fara da shi aro ne daga Minix, wata babbar manhaja da ta riga Linux, suna ba ya wuce harafi 14, faifai ba ya wuce mega 64, sai a 1992 Rémy Card ya rubuta ext na farko, kakan ext4. Tunda manhajar buɗaɗɗiya ce, duk wannan tarihi da rubutunsa suna nan ga mai son karantawa, ko a ina yake zaune.

Mun bi ta FUSE, ƙofar da aka buɗe a Linux 2.6.14 a 2005, wadda ke ba mutum damar rubuta tsarin fayil a matsayin manhaja ta yau da kullum. In ka yi kuskure manhajarka kaɗai ke faɗuwa, ba kwamfutar duka ba. Ya fi jinkiri, amma mai auna buhu ba tseren doki yake ba.

Littafin Kawu

Zanen bai fito daga kaina ba. Kawu bai taɓa daina riƙe littafinsa mai baƙin bango ba, ko bayan zuwan kwamfuta, kuma ƙa'idojinsa ya gaje su ne daga mahaifinsa, wanda ya yi akawun sayen gyaɗa zamanin da ake tara dala a Kano. Da biro ake rubutu, ba fensir ba. Ba a gogewa. In an yi kuskure a ja layi ɗaya siriri yadda za a iya karanta na ƙasan, a rubuta gyaran a sabon layi. Kowane shafi na da lamba, don in an yage ganye a gane. A ƙasan kowane shafi akwai jimla, kuma jimlar ita ce layin farko na shafi na gaba. Na daɗe ina kallon littafin nan kafin na gane cewa tsarin da muke nema ne a kwance a gabana. Masana sun san shi: a farkon shekarun 1990 Mendel Rosenblum da John Ousterhout na jami'ar Berkeley a Amurka sun fitar da tsarin da ke rubutu a jere yana ƙarawa gaba kawai, duk da su saurin faifai ne ya dame su, ba shari'ar riɗi ba.

Memori ma haka yake so. A cikinsa ba a iya rubutu a kan rubutu sai an share, kuma ba a share ɗan wuri sai babban yanki gaba ɗaya. Akwai wata 'yar na'ura a ciki da ke ta kwashe-kwashe a ɓoye don ta nuna maka kamar ana iya gogewa. In kana rubutu a jere, ka rage mata aiki, ka kuma rage lokacin da wuta za ta iya kama ta da kaya a hannu.

Sai muka yanka memorin fegi-fegi, kowane fegi mega 4, kowane bulo bayit 4096. Duk abin da za a rubuta, ko sabon fayil ne, ko ƙari, ko sauya suna, ko ma sharewa, layi ne sabo a ƙarshen jeri. Kowane layi na da kai da ke ɗauke da lambarsa a jeri, da lambar fayil ɗin da ya shafa, da tsawonsa, da lambar tantancewa ta CRC32C da ke tona asirin ruɓewa. In manhaja ta kira fsync, sai mu rubuta layin rufewa, mu umarci memori ya sauke duk abin da ke hannunsa, mu jira ya amsa. Sai bayan nan muke ce wa manhaja an rubuta, sai bayan nan na'ura ke buga rasit. Duk layin da ba shi da rufewa a bayansa, a wurinmu ba a taɓa yin sa ba. Wannan ita ce amsar Inna: kalmar "an rubuta" ba ta fita sai rubutun ya zauna.

Amsar Kawu kuma tana cikin layin rufewar. CRC na kama ruɓewa, amma ba ya kama mai wayo, domin wanda ya sauya adadi zai iya sake lissafa shi. Don haka kowace rufewa na ɗauke da hatimin SHA-256 na abin da ta rufe haɗe da hatimin wadda ta gabace ta, kamar jimlar Kawu da ke tsallakawa shafi na gaba. Haruffa takwas na farkon hatimin muna buga su a ƙasan rasit. Wanda ya koma baya ya taɓa awon Laraba, duk hatiman da suka biyo baya za su sauya, kuma rasit ɗin da ke aljihun manoma ba za su dace da su ba. Shaidar tana warwatse a gidaje sittin.

A farkon memori akwai tushe biyu, a fegi daban-daban, masu nuna inda jeri ya kwana. Ana sabunta su bi da bi, ba tare ba. In an kunna, a karanta duka biyun, a ɗauki mai babbar lamba da tantancewarsa ta yi daidai, a ci gaba da bin jeri daga nan har rufewa ta ƙarshe mai lafiya. In duka biyun sun lalace, a karanta daga farko.

Mun yi gardama sosai da ɗalibin nawa a kan fihirisa, wato jerin da ke nuna inda kowane fayil yake. Shi yana son bishiyar bincike a kan memori, irin ta Btrfs. "Malam, in ba haka ba za a ce abin wasa muka yi." Na ce masa kowane reshe na bishiyar nan wuri ne da wuta za ta iya kama mu. Fayilolinmu dubbai ne, ba miliyoyi ba, don haka fihirisar ta zauna a ƙwaƙwalwar wucin gadi, a sake gina ta duk sanda aka kunna. Haka kuma muka ƙi yin mai shara, wato sashen da ke tattara tsofaffin layuka ya maido da fili, wanda shi ne mafi wuya a irin wannan tsari. Lissafi ne ya raba mu: awo 300 a rana, kowanne bulo guda, mega 1.2 ke nan. Ninka shi uku saboda kai da rufewa, bai kai mega 4 ba. Memori mai giga 16 zai ɗauki ranakun awo dubu huɗu. Ranar da ya cika, ya koma na karantawa kawai, a sa shi a akwatin ƙarfe kusa da tsofaffin littattafan Kawu, a ɗauko sabo.

Ƙananan abubuwa biyu sun ci mana lokaci fiye da yadda na zata. Sunaye: a UTF-8, ƙa'idar da kwamfuta ke ajiye haruffa da ita, kowane ɗaya daga ɓ, ɗ, ƙ, ƴ bayit biyu ne, haka yawancin haruffan ajami, iyakar suna a Linux kuma bayit 255 ce, ba harafi 255 ba. Sakatare yakan rubuta Ɗan, wani lokaci Dan, wani lokaci D'an, gwargwadon gaggawarsa. Mun so tsarin ya ɗauke su abu ɗaya, sai muka tuna ƙafa ba kafa ba ce, ɓata ba bata ba ce. Muka bar tsarin ya ajiye abin da aka ba shi daidai, manhajar nema ita ta yi sassaucin. Sai agogo: Raspberry Pi irin tamu ba ta da agogo mai batir, sai a ta biyar da ta fito a 2023 aka sa, kuma sito babu intanet, don haka in an kunna takan farka da kwanan watan da ba shi ba. Shi ya sa lambar jeri ce ke faɗin wane layi ya riga wane, ba lokaci ba.

Gwaji

Sai an gwada akan san na ƙwarai. A hutun ƙarshen zango muka kai kayan ɗakin kwamfuta na makaranta, muka haɗa wani makunni da 'yar na'urar Arduino ke sarrafawa, yana yanke wuta a lokacin da ba wanda ya sani, yana maidowa. Kwamfutar na ta awon ƙarya, wata kwamfuta a gefe na riƙe da jerin rasit ɗin da aka ce an buga. Bayan kowace yankewa tambaya ɗaya ce: duk rasit ɗin da ya fita, akwai shi a memori? Dare da rana makunnin nan na ƙas-ƙas, har maigadi ya saba da shi. Mun kuma yi amfani da dm-log-writes na cikin Linux, wanda ke naɗe kowane rubutu don a maimaita shi zuwa duk inda aka so a tsaya.

Kuskuren farko namu ne, kuma ya tsorata ni. Wata safiya tsarin ya farka da awon da ba a yi a wannan zagaye ba. Ashe tsofaffin layuka ne na gwajin jiya da ke kwance a gaban jeri, lambobinsu sun dace, tantancewarsu lafiya lau, sai tsarin ya bi su ya haɗiye. Da a sito ne, da riɗin bara ya shigo lissafin bana. Muka gyara ta hanyar ba kowane sabon shiri wata lamba ta musamman da ake jefawa a kan kowane layi. Na biyu, sauya suna muna yin sa ne a rufewa biyu, cire tsoho da sa sabo, wuta ta shiga tsakani fayil ya rasa suna. Muka mayar da shi layi guda.

Na uku ba namu ba ne, kuma shi ya sauya zanen. Sau da dama bayan yankewa, sai mu tarar layin da aka rufe tun ɗazu, wanda memori ya amsa cewa ya sauke, ya lalace. Mun kwana uku muna neman laifinmu. Daga baya na gane halin memori ne: a irin wanda ke cusa bayani fiye da ɗaya a ƙwaya guda, yankewar wuta ana cikin sabon rubutu na iya ɓata tsohon da ke raba ƙwaya da shi. Ba mu kaɗai ba ne. A 2013 masu bincike daga jami'ar jihar Ohio da HP Labs sun gwada manyan faifan ajiya na SSD 15 da yanke wuta, 13 suka nuna matsala. In manyan faifai haka suke, ina ga memorin da ake sayarwa a faranti a bakin tasha? Ɗaya daga cikin namu ma da muka bi shi da manhajar f3 mai gano memorin jabu, an rubuta giga 32 a jikinsa, cikinsa bai kai takwas ba.

Babu dabarar rubutu da za ta hana memori ƙarya. Abin da za ka iya shi ne kada ka dogara da shaida ɗaya. Muka koma memori biyu na kamfani daban-daban, kuma ba a rubuta musu a lokaci guda: a rubuta wa na farko a jira, a rubuta wa na biyu a jira, sannan a buga rasit. Duk inda wuta ta kama mu, ɗaya ne ke aiki, ɗayan na zaune lafiya. In an kunna a gwama su, wanda tantancewarsa ta faɗi a gyara shi daga ɗan'uwansa. Rasit ya ƙara jinkirin kamar daƙiƙa biyu. Bayan wannan makunnin ya yi ta yanka har hutu ya ƙare, rasit ko ɗaya bai rasa layinsa ba.

Ɗalibin nawa ya so mu nemi a shigar da shi cikin zuciyar Linux. Ban goyi baya ba, kuma har yanzu ina kan bakana. Tsarin fayil alkawari ne na shekaru: duk wanda ya ajiye kayansa a kai, wajibi ne a samu mai kula da shi muddin kayan na nan. Wani tsarin fayil mai suna ReiserFS ya shiga Linux a 2001, jama'a da yawa sun dogara da shi, amma da masu kula suka ƙare sai da aka cire shi a Linux 6.13 a farkon 2025. Namu na sito ɗaya ne, marubuci ɗaya, ƙananan fayiloli. Mun sake shi a ƙarƙashin lasisin GPL na buɗaɗɗiyar manhaja ga duk mai so, iyakar abin da za mu iya ɗauka ke nan.

Kaka ta biyu

Da riɗi ya sake shigowa, Kawu ya sa sharaɗi: kwamfuta ta yi nata, shi ma zai yi nasa a littafi, kowane dare a gwama. Sannan babu wanda za a sake sallama da baki. In takarda ta ƙare, a tsaya da awo ko a rubuta masa haruffa takwas ɗin nan da hannu. Dagaci da kansa ya kira sakatare ya mayar masa da makulli.

A Laraba ta uku, bayan la'asar, wani yaro ya yi tuntuɓe da wayar batir, allo ya mutu. Akwai buhu a kan sikeli, mai shi na tsaye, sakatare ya riga ya danna amma takarda ba ta fito ba. Sito ya yi tsit. Aka mayar da waya, muka jira ta tashi. Layin ƙarshe da ta nuna shi ne na mutumin da ya wuce, hatiminsa daidai da na rasit ɗin da ke hannunsa, don mun kira shi ya dawo mun duba. Na mai buhun babu, kuma ba a taɓa ce masa akwai ba. Sakatare ya sake dannawa, takarda ta fito, ya yage ya miƙa masa.

Inna ta zo a mako na gaba da buhu biyu, jikanta na tura kura. Ta karɓi rasit ɗinta, ta sa yaron ya karanta mata har haruffan ƙasa, ta ƙulle shi a bakin zane.

Akwai sauran aiki. Tashin kwamfutar na ƙara tsawo yayin da jeri ke girma, don haka muna shirin ajiye hoton fihirisa a ƙarshen kowane fegi, kuma wannan zai buƙaci mu mayar da kayan gaban makunni. Ɗalibin nawa ya samu gurbi, zai tafi bayan sallah. Kafin ya tafi muna rubuta bayanin tsarin da Hausa, bulo bayan bulo, me ke bayit na farko, me ke na biyu, yadda duk wanda ya iya C zai iya rubuta manhajar karanta shi ko ba ma nan. Mun kai shafi na shida. Kawu ya ce in mun gama a buga kwafi biyu, ɗaya a akwatin ƙarfe tare da memori, ɗaya a gidan Dagaci.